Ranar Da Muka Ja Gidan Eduvigis

Shekara bakwai ke nan da fitilun Castro suka mutu.
Rediyo ya yi tari sau biyu, ya yi shiru har yau.
Abin da ya rage a tsibirin Chiloe ya rabu gida biyu:
mu na tudu, masu dankali da shanu,
su na gaɓa, masu gishiri da jiragen ruwa.
Tsakaninmu gada ɗaya da sikeli mai tsatsa,
ni ke riƙe da shi.

Ba zan ɓoye ba, babban yatsana ya san hanya.
Kowane buhu sai na ɗan danna,
ina ce wa zuciyata: ai yaranmu ne za su ci.
A hunturu na uku suka gane.
Da dare suka kwance mana shanu biyu,
kashegari da dare muka cinna wa jirginsu wuta.
Ba wanda ya leƙa ƙarƙashin tamfol.
Ulises na kwance a ciki, ɗan shekara sha huɗu,
barci ya kwashe shi yana gadin koma.

Daga nan gada ta zama ta ciyawa.
Namanmu ya riƙa ruɓewa don rashin gishiri,
'ya'yansu suka koma tauna ganyen teku kamar awaki.
Muna hango hayaƙinsu, suna hango namu,
kowa na ƙirga na wani.

Sai teku ta fara hawa.
Ta ci makarantarsu, ta ci maƙabarta,
ta zo tana lasar ƙafafun gidan Eduvigis.
Wata safiya mai yayyafi, sai ga ta a kan gada ita kaɗai,
uwar yaron, da tulun gishiri a ƙirji.
Ta ɗora a sikeli, ta ce da ni:
"Auna. Amma yau ɗauke yatsanka.
Shanu nake so, a ja min gida zuwa tudu.
Tsayin ɗana na zane a dokin ƙofa,
ba zan bar wa ruwa shi ba."

Daren nan ba a yi barci a rumbunmu ba.
Baldomero ya ce a bar teku ta ƙarasa aikinta.
Tsohuwa Nolfa ta zaro dankali guda daga aljihu,
ta matsa, baƙin ruwa ya tsiyayo.
Ta ce, "Gonarmu ta gaji, takinta na bakin gaɓa.
Gemun maƙwabci ya kama wuta,
ku kuna gardamar wa zai ɗebo ruwa."

Shanu goma sha biyu namu, igiyoyi nasu.
Aka shimfiɗa gungume, gida ya yi nishi, ya motsa,
tukwane na kaɗawa a ciki, kyanwa a taga.
A tsakiyar hawa igiya ta tsinke, tas!
Hannu arba'in suka nufi ƙugu,
inda wuƙaƙe suke.
Numfashin shanu kawai ake ji.

Baldomero ya durƙusa yana ƙulla igiyar,
shi da ya kyasta ashana a wancan dare.
Ƙullin manomi, mai zamewa.
Eduvigis ta tsuguna kusa da shi, ta kwance,
ta kama yatsunsa ta bi da su ta hanyar masunta,
sau ɗaya, sau biyu, ta ja ya kama.
Ba ta dube shi ba.
Ta sani. Duk mun san ta sani.

Gidan na nan a rabin tudu,
bai kai gare mu ba, ya baro su.
Kada wani ya ce maka an yafe.
Ana dai cin dankali da gishiri.
Duk ranar Alhamis nakan yi awo,
hannuwana biyu a bayana,
ita kuwa tana tsaye,
tana kallon inda yatsana yake.